Ɗakin Mai Gadi, Zauren Masana'antun Kano

Wanda ya ratsa Bompai da sassafe zai yi ta wuce dogayen katangu da ƙyamaren ƙarfe masu tsatsa, kuma a gefen kowane ƙyaure akwai ɗan ɗakin da bai fi taku biyar ba. Ɗakin mai gadi ke nan. Ba a sa shi cikin lissafi idan ana maganar gine-ginen tarihi na Kano, alhali kuwa ya cancanci a sa shi.

Bakano bai taɓa ɗaukar mashiga da wasa ba. Ganuwar da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), kowace ƙofarta tana da Sarkin Ƙofa mai rufewa da buɗewa, mai sanin wanda ya shigo da abin da ya ɗauko. A cikin gari kuma zaure ne fuskar gida. A kansa ake kashe kuɗin ado, a ɗora masa zankwaye, a yi masa rufin azara, a shafe shi da makuba. Nan maigida yake karɓar baƙi, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, nan kuma baƙo yake tsayawa ya yi sallama.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da fata ya bunƙasa, har Bompai ta zama unguwar masana'antu tun kafin samun 'yancin kai, daga baya Sharada da Challawa suka biyo. Da masana'antun aka zo da wata irin mashiga dabam. Babban ƙyaure na motocin kaya ne, ƙaramar ƙofa ta gefe kuma ta ma'aikata ce, an matse ta don mutum ɗaya kaɗai ya wuce a lokaci guda. Tagar ɗakin tana kallon waje da ciki gaba ɗaya. A wasu wuraren akwai sikeli a ƙasa na auna mota, da allon katin shiga aiki a jikin bango. Rufin kwano ya ɗan zarce bangon don a sami inuwa, ko da yake inuwar ta mai gadi ce, masu jira a rana suke.

A nan bambancin yake. Zaure an gina shi ne don a zaunar da baƙo, ɗakin mai gadi kuwa don a tace shi. Wanda ya zana shi ya san cewa masu son shiga za su fi waɗanda za a bari yawa. Shi ya sa rayuwar leburan Kano ta taru a bakin get: nan ake layin neman aikin yini, nan ake caje ma'aikaci idan an tashi, nan ake manna sanarwar sallama, nan ake cincirindo ranar yajin aiki. Mai shayi da mai ƙosai sun riga kowa gane haka, suka kafa teburansu daura da ƙofar.

Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sannan ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfa da yadi daga waje, masana'antu da dama sun rufe, musamman masaƙu. Wasu sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su, wasu an yanka filayensu. Injinan an sayar, ma'aikatan sun watse, sau da yawa mai gadin ne kaɗai ya rage.

Za a ce bulo da siminti ne kawai, kuma matashin Sharada aiki yake nema, ba kufai ba. Gaskiya ne. Sai dai adana ɗaki guda bai hana a buɗe sabuwar masana'anta a bayansa, kuma ba kyau kaɗai ke sa a adana gini ba. A Ingila irin waɗannan ɗakuna na bakin manyan gidaje da yawansu suna cikin rajistar gine-ginen da doka ta kare, har da waɗanda gidajen da suke tsarewa suka rushe tuni. Kano kuwa ta ga yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Idan ƙofar ganuwa ba ta tsira ba, ɗakin mai gadi bai da mai tsaya masa.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da sassan koyar da zanen gini na jami'o'in Kano, za su iya auna tsofaffin mashigan Bompai, su ɗauki hotunansu, su naɗi muryar tsofaffin masu gadi da leburori tun suna raye, sannan a zaɓi biyu ko uku a hana taɓa su. Aikin na gaggawa ne, domin idan aka sayar da masana'anta, katafila tana iya ture ƙofar.