Allon Madannai Na Roba

Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke cushe madannan kwamfuta har harafi ya ƙi fita, ko yadda kofin shayi guda ke halaka sabon allo, lalle zai fahimci hikimar allon nan na robar silikon, wanda ake naɗewa kamar tabarma, a kuma wanke shi da ruwa da sabulu. Amma bisa adalci, ba zan ba magatakarda shawarar sayensa ba, domin madannansa laushi gare su, sai an danna da ƙarfi, hannu kuwa ya gaji. Muhallinsa na haƙiƙa shi ne asibiti, inda tsarkake kayan aiki daga ƙwayoyin cuta ya zama wajibi.