Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Akwai maganar da nake yawan ji daga masu kiran waya a shirina, har da wasu 'yan boko: wai binciken da jami'o'i ke yi kan fasahar sadarwa almubazzaranci ne ga mai neman abin sa wa a baka. Jama'a, ban yarda ba.

A farkon Fabrairun 2024, layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan ko'ina a Sudan. Daga Rusairis zuwa Maiurno, turakun waya na nan tsaye, amma sun zama kurame. Dalili? Manyan cibiyoyin da ke juya kira da intanet duk a Hartum aka tara su, inda yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Manhajar Bankak ta tsaya, kuɗin da 'yan uwa ke turowa daga Saudiyya suka maƙale, cefane ya gagara.

Maganin wannan ciwo shi ne abin da ake rainawa. Tun 2012 manyan kamfanonin sadarwa suka fito da dabarar mayar da aikin waɗancan tulin na'urori zuwa manhaja, wadda kwamfuta gama-gari za ta iya ɗauka. Manhaja kuwa ana kwafe ta a tayar da ita a wani gari. A 2014 hukumar ETSI ta Turai ta kafa kwamiti kan dabara ta biyu: a ajiye ƙananan kwamfutoci kusa da turken waya, su riƙa sarrafa bayanai nan take, ba sai an kai su babban birni ba.

Sai dai ina da ƙorafi a kan masu bincikenmu. Bature na bin wannan fasaha ne don motar da ke tuƙa kanta ta taka birki cikin ƙiftawar ido. Mu fa? Me ya haɗa manomin dawa da wannan mota? Tambayarmu daban ce: in an yanke mu daga Hartum ko Fot Sudan, ungozoma a Rusairis za ta iya kiran likita a Damazin, tsallaken kogi kawai? Ɗalibin da ya kwafo tambayar Turai don neman digiri, ya bar tamu a ƙasa, ya ci amanar garinsu.

Madatsar Rusairis tana nan tun 1966, tana bai wa ƙasa lantarki. Garin da ke haskaka wasu bai kamata ya jira izinin nesa kafin ya yi magana da maƙwabcinsa ba. Jami'ar Blue Nile da Jami'ar Gezira su sa wannan tambaya a gaba, kamfanoni su buɗe musu ƙofa, hukuma kuma ta wajabta wa kowane kamfani ajiye ƙaramar cibiya a kowace jiha. Magabatanmu ba su taɓa zuba hatsin gari duka a rumbu ɗaya ba, don sun san halin gobara.