ZAUREN SANA'A: Mai ƙawata ɗakunan jama'a da amanar da ke wuyansa

 

Ƴan uwa masu karatu, bayan fitowarmu da ta gabata wani matashi ya aiko mini da wasiƙa daga Maraɗi. Ya ce ya yi shekara 3 yana aiki a wurin wani mai haɗa kujeru, yanzu kuma yana so ya tsaya da ƙafafunsa, ya riƙa tsara wa mutane cikin gidajensu: launin bango, labule, fitilu, da inda kowane kaya zai zauna. Ba shi da shago, ba shi da jari mai kauri. Tambayarsa ita ce ta ina zai fara, kuma yaya zai zauna lafiya da masu ba shi aiki. Na ga ya dace in amsa masa a nan, domin ƙanena wannan sana'a yake yi a Yamai, ni ne kuma na riƙe masa littafin lissafi a shekarunsa na farko.

Ado a cikin gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina suka yi a fuskokin soraye, tsohon garin Agadas kuwa UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Alhaji Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Iyayenmu mata ma da ke yi wa amarya jere, tun zamanin ƙore har zuwa na kwanoni da tangaran, sun san inda kowane abu yake kyau. Sabon abin shi ne a biya mutum kuɗi saboda idonsa da shawararsa. A nan wahalar take, domin mutanenmu sun yarda su biya kuɗin katako da yadi, amma shawara suna ganin kyauta ce da ake yi wa juna a bakin masallaci.

Jarin farko ba ya wuce awo, littafi, wayar da ke ɗaukar hoto, da sanin masu aikin hannu. Sai ka san kafinta wanda in ya ce Alhamis to Alhamis ce, da tela mai ɗinka labule ba ya cin yadi, da mai fenti, da mai haɗa wutar lantarki. Ƙanena ya yi watanni yana yawo a kasuwar Katako yana tambayar farashi ba ya sayen komai, har ƴan kasuwa suka fara yi masa ba'a. Aikinsa na farko zauren baƙin kawunmu ne, bai karɓi ko dala ba, amma duk wanda ya zo gaisuwar Salla sai ya tambayi wanda ya yi. Batun takardu kuwa kada a raina shi: tun gyaran dokar kasuwanci ta OHADA a 2010 akwai matsayi mai sauƙi ga ƙaramin mai sana'a, kuma ma'aikatu da kamfanoni ba sa ba da aiki ga wanda ba shi da lambar haraji ta NIF.

Sannan a rubuta komai. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma har yau ana samun mai jin kunyar fito da takarda gaban alhaji. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a cikin ijara cewa aiki ya zama sananne, lada ma sananne. Saboda haka takarda ta faɗi ɗaki nawa, kaya waɗanne, na jika nawa, ranar gamawa, da ladan mai tsarawa a layinsa daban. A kuma rubuta sau nawa mai gida ke da damar sauya ra'ayi, domin akwai wanda zai zaɓi launi yau, a shafa, gobe ya dawo daga gidan abokinsa da wani launin a baki. Kuɗin da ake karɓa tun farko na sayen kaya ne, ana lissafa su cikin jimla. Imam Malik ya buɗe littafin ciniki na Muwaɗɗa da hani a kan kafin alƙalamin da ake cinyewa idan ciniki ya warware, duk da cewa Hanbaliyya sun halatta shi. Abin da muke yi shi ne, in aiki ya tsaya a cire abin da aka kashe da ladan abin da aka riga aka yi, a mayar da saura.

Yanzu ga inda ƙafa ta fi zamewa. Wata shekara wani bawan Allah ya ba ƙanena jika 600 ya sayo masa kujeru da labule. Mai shagon da aka sayi kayan ya rubuta takardar jika 600 cif, sannan ya miƙa wa ƙanena jika 40 a gefe, ya ce na goro ne, tunda ya kawo masa ciniki. Kowa a kasuwa haka yake yi, shi ma bai ga laifi ba, har ya zo da murna ya ce in rubuta a littafi. Na rasa a wane gefe zan rubuta su, sai muka kai maganar gaban mahaifinmu bayan sallar isha'i. Malam bai yi faɗa ba. Ya tambaye shi: “Da kuɗin wa ka sayi kayan?” Ya ce da na mai gida. “Ya san da wannan goron?” Ya ce bai sani ba. Sai Malam ya ba mu labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, Manzon Allah ya hau mimbari ya yi inkarin haka. Ya ce wanda aka wakilta ya sayo abu, rangwamen da aka yi na mai kuɗi ne, sai in shi ya sani ya kuma yafe. In kana son riba a kan kaya, ka saye su da kuɗinka ka sayar a matsayin ɗan kasuwa, kowa ya san matsayin da kake tsaye.

Washegari ƙanena ya mayar da kuɗin, ransa ba daɗi, domin a wannan watan ko kuɗin man babur yana yi masa wuya. Mutumin ya karɓa ya ƙirga ya sa aljihu, bai ce na gode ba, bai kuma sake ba shi aiki ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka duk gaskiya a nan duniya ake biyan ta. Abin da ya sauya shi ne tun daga ranar ya ɗaga ladansa ya rubuta shi a fili, wasu suka gudu, wasu suka zauna. Ni a ganina ɓoyayyar la'ada tana lalata idon mai sana'a tun kafin ta taɓa lahirarsa, domin zai fara zaɓar wa mutane kayan shagon da ya fi ba shi goro, ya bar wanda ya fi dacewa da ɗakin.

Wani abin lura shi ne wannan sana'a tana shigar da mutum har ƙuryar da baƙo ba ya kaiwa. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidajen mutane, kuma izinin auna bango bai haɗa da ɗaukar hoto a watsa a WhatsApp ba. Wannan sai an sake tambaya. Namiji kada ya shiga cikin gida sai da mai gidan ko wani muharrami, shi ya sa nake ganin ƴan uwa mata sun fi mu dama a wannan fage. Abin da ido ya gani kuma ya tsaya a can. A gidan da ke da mata biyu, uwargida za ta tambaye ka nawa aka kashe a ɗakin amarya, amsarka ita ce lissafi yana hannun mai gida. Tun ranar farko kuma a san wanda ke da maganar ƙarshe, domin sau da yawa mai biyan kuɗi daban, mai zama a ɗakin daban.

Akwai kuma ranar da za ka ce a'a. Hoton da mai gida ya gani na wani gida a Dubai ko Turkiyya, an yi shi ne don ɗakin da na'urar sanyi ba ta tsayawa. A Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta ke ɗaukewa, kujerar leda baƙa azaba ce, kafet mai gashi kuwa rumbun ƙurar hunturu ne. Ka ba da shawarar launi mai haske, labule mai wankuwa, tagar da iska ke ratsawa, a bar fili inda iyali za su shimfiɗa darduma su fuskanci alƙibla. Allon aya kada a rataye shi a bangon da ke kallon makewayi. Idan kuma uba ya zo zai ci bashi don jeren ɗiyarsa ya fi na maƙwabta, nuna masa abin da kuɗin hannunsa za su iya, ko da ladanka zai ragu.

Ɗan uwa na Maraɗi, ka aiko mini da irin takardar yarjejeniyar da ka tsara, in duba maka ita tare da ƙanena. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba tambayar wata ƴar uwa daga Tawa a kan adashe.