Zauren Iyali: Kafin a Rufe Silin, a Duba Abin da Ke Samansa

Duk wanda ya kwana ƙarƙashin kwano tsirara a Parakou ko Djougou cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40, ya san dalilin da ya sa magidanta ke gaggawar sa silin, wato abin da magina a nan ke kira faux plafond. Yana tare zafin kwano, yana rage ƙarar ruwan sama, yana hana ƙurar hunturu zubowa kan shimfiɗa. Sai dai da yawa daga cikinmu ado muke fara kallo, alhali silin rufi ne, duk aibin da ke samansa ɓoye shi zai yi.

Kayan da aka fi samu a wurinmu iri uku ne. Na katako shi ne mafi araha, amma gara na cinsa, kuma da zarar kwano ya fara yoyo sai ya kumbura ya ruɓe. Na roba, wanda ake kira PVC, ba shi da nauyi, ba ya jin ruwa, kuma ana goge shi da tsumma. Aibinsa shi ne idan gobara ta tashi yana narkewa, yana fitar da hayaƙi mai guba, saboda haka kada a kusantar da shi ga madafi. Na filasta, wanda masu aikinsa ke kira staff, ba ya cin wuta kuma ya fi kyan gani, amma yana da nauyi. Idan ba a ɗaure shi sosai ba, ko ruwa ya jiƙa shi, yana iya ruftowa kan masu barci.

Akwai kuma tsofaffin faifan asbestos, wato amiante, da ke wasu gidajen da. Ƙurarsa na jawo ciwon daji na huhu, shi ya sa Faransa ta haramta shi tun 1997. Wanda ya gaji irinsa kada ya fasa shi ko ya yanka shi da zarto, balle ya bar yara su yi wasa da ɓaraguzansa.

Shawararmu ita ce a bi aikin daki-daki. A fara gyara kwano kafin damina. A sa wayoyin lantarki cikin bututu, domin ɓeraye na gwaguyar waya, kuma tartsatsin da ya tashi bayan silin ba a ganinsa sai ya zama gobara. A ɗaure fanka a jikin katakon rufi ko ƙarfe, ba a jikin silin ba. A bar kafofin iska masu raga domin zafi ya fita, jemage kuma kada ya shiga. A bar ƴar ƙofa wadda mai gyara zai hau ta ciki.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Idan kuɗi bai kai ba, gara a yi ɗakin yara da na tsofaffi da kyau, falo ya jira baɗi. Allah Ya kare mana gidajenmu da iyalanmu, amin.