Hazleton: garin da baƙi suka fi yawa amma suka daɗe ba su da kujera

A shekarar 2006, majalisar Hazleton, wani ƙaramin gari mai tarihin haƙar kwal a jihar Pennsylvania ta Amurka, ta kafa dokar da ta ja hankalin ƙasar baki ɗaya.

Dokar ta tanadi tarar masu gidajen haya da suka ba wa baƙin haure masauki, da janye lasisin duk kamfanin da ya ɗauke su aiki. Magajin garin na lokacin, Lou Barletta, ya ce baƙin ne ke ƙara aikata laifuka da cunkoso a makarantu da asibitoci.

Sai dai ba a taɓa aiwatar da dokar ba. A 2007 wata kotun tarayya ta soke ta, bisa hujjar cewa harkar shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ce. A 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da garin ya ɗaukaka, daga baya kuma aka umarce shi ya biya fiye da dala miliyan ɗaya na kuɗin lauyoyi.

Baƙin kuwa ba su tafi ba. A ƙidayar 2000, masu asalin Latin Amurka kusan kashi 5 cikin ɗari ne na mazauna garin. A 2020 sun haura kashi 60, akasarinsu 'yan asalin Jamhuriyar Dominika da suka baro New York da New Jersey domin ayyukan rumbunan ajiye kaya da masana'antu.

Amma yawan bai kai su ga madafun iko ba. Ana zaɓen kansiloli biyar na garin ne da ƙuri'un dukkan mazauna, ba unguwa-unguwa ba. Da yake da yawa daga cikin sababbin mazaunan yara ne ko waɗanda ba su zama 'yan ƙasa ba tukuna, tsofaffin mazauna ke da rinjaye a akwatin zaɓe.

A Janairun 2025, ma'aikatar shari'a ta gwamnatin Joe Biden ta kai garin ƙara, tana mai cewa tsarin ya saɓa wa dokar kare haƙƙin zaɓe, kuma ba a taɓa zaɓen ɗan asalin Latin Amurka a majalisar ba. Bayan 'yan watanni, gwamnatin Donald Trump ta janye ƙarar.

Masu goyon bayan tsarin na cewa rashin fitowa zaɓe ne matsalar. Masu sukarsa kuwa na ganin raba garin gida-gida ne kaɗai zai ba unguwannin baƙi wakili.

Janye ƙarar ya mayar da batun ga masu zaɓe, musamman yaran da aka haifa a Amurka, waɗanda kowace shekara wasunsu ke cika 18.