Me Za Mu Kalla a Wannan Hutun? Ga Zaɓina

Hutun makaranta ya ƙarato, kuma kowace uwa ta san abin da ke tafe: "Mama, ara mini wayarki." Idan ba ki zaɓa wa yaro abin kallo ba, wayar za ta zaɓa masa, gajeren bidiyo na bin gajeren bidiyo, har a wayi gari ba ya iya zama minti goma a kan labari guda. Hanawa kaɗai ba ta magani. Abin da ya fi shi ne ki tanadi abu mai kyau, ki zauna ku kalla tare. Ga waɗanda na zaɓo, kuma zan nuna wanda ya dace da yara da wanda za ki ajiye sai sun yi barci.

Na farko, wanda na fi so ki fara da shi, shi ne Children of Heaven, fim ɗin ƙasar Iran na 1997, wanda Majid Majidi ya ba da umarni. Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra wajen gyara, a hanyar dawowa takalmin ya ɓace. Mahaifinsu talaka ne, ana bin su kuɗin haya, mahaifiyarsu ba ta da lafiya. Sai yaran suka ɓoye maganar, suka koma raba takalmi ɗaya: Zahra ta sa ta je makarantar safe, ta sheƙo da gudu ta cire wa Ali ya sa ya tafi tasa. Akwai wurin da suke rubuta wa juna saƙo a littafin makaranta, iyayensu na gefe suna hira ba su sani ba. Akwai kuma wurin da Zahra ta hango takalminta a ƙafar wata yarinya, suka bi ta har gida, sai suka tarar mahaifinta makaho ne, suka juya ba su ce uffan ba. A nan za ki dakatar da fim ɗin ki tambayi yaranki, "Me ya sa suka fasa karɓa?" Amsar da za su ba ki ta fi wa'azin awa guda. Daga baya Ali ya shiga gasar tsere yana fatan ya zo na uku, domin kyautar na uku takalmi ce. Ba zan faɗa miki yadda ta kaya ba. Shi ne fim ɗin Iran na farko da ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Oscar, kuma bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Da Farisanci ake magana, fassarar Turanci na fitowa a ƙasa, don haka ki sa babban yaro ya riƙa karantawa yana fassara wa ƙannensa. Ga kallo, ga darasin karatu.

Na biyu daga Burkina Faso yake: Yaaba, na Idrissa Ouedraogo, 1989. Ma'anar sunan "kaka" a harshen Mossi. Yaro Bila ya ƙulla abota da wata tsohuwa da mutanen ƙauye suka ware suna kiranta mayya, kuma da 'yar uwarsa ta kwanta rashin lafiya, tsohuwar nan ce ta tashi neman mai magani. Duk wadda ta taɓa jin an jefi wata dattijuwa da maita a unguwa za ta gane labarin. Amma akwai batun wata matar aure da ke bin wani namiji a ciki, saboda haka ki fara kallonsa ke kaɗai kafin ki yanke hukunci.

A ɓangaren finafinan tarihin mawaƙa, ina ba ki shawarar Mama Africa na 2011, kan rayuwar Miriam Makeba ta Afirka ta Kudu. A 1960 ta so komawa gida jana'izar mahaifiyarta, gwamnatin wariyar launin fata ta soke mata fasfo. A 1963 ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗi halin da baƙaƙen fata ke ciki a ƙasarta. Ta zauna a Gini shekaru da dama, 'yarta tilo Bongi ta rasu a 1985, kuma ba ta taka ƙasarta ba sai 1990, bayan an saki Nelson Mandela. Ki kalla da 'yan matanki da suka fara tasawa, su ga cewa murya mai daɗi amana ce.

Sai Searching for Sugar Man na 2012, wanda ya ci Oscar. Sixto Rodriguez mawaƙi ne a birnin Detroit na Amurka. Ya fitar da faifai biyu a 1970 da 1971, ba su yi kasuwa ba, ya koma aikin leburanci. Bai san cewa a Afirka ta Kudu waƙoƙinsa sun shiga gida-gida ba, su kuma can suna zaton ya mutu. Sai a 1998 ya je ya tarar da dubban mutane na jiransa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda 'ya'yansa mata ke ba da labarin uban da ya rene su cikin rashi ba tare da ƙorafi ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wannan naki ne da maigida, domin akwai zancen ƙwaya da jita-jitar kashe kai.

To, sai dariya. Mr. Bean na Rowan Atkinson kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995, kuma da yake kusan ba ya magana, kaka da jika za su yi dariya lokaci guda. Sai dai mutumin akwai son kai, ki riƙa nuna wa ƙanana cewa abin dariya ne, ba abin koyi ba. Mind Your Language, wanda aka fara a Ingila a 1977, labarin malami ne da ɗalibansa baƙi daga ƙasashe daban-daban masu koyon Turanci. Yana da ban dariya, amma ya dogara da tsokanar ƙabilu, don haka na manya ne. Kada kuma ki manta da namu na gida: ki nemo tsofaffin shirye-shiryen Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Hausarsa ta bariki gauraye da Turanci. Yaranki su ga abin da ya tara iyayensu gaban akwatin talabijin ɗaya a unguwa.

Shawara ta ƙarshe kan data: ki sauke fim ɗin da dare lokacin da ake samun rangwame, ki rage ingancin hoton, domin a allon waya bambancin kaɗan ne. Fim ɗaya a mako ya isa. Ki jingina wayar, ki kashe sanarwar WhatsApp, a kawo gyaɗa ko guguru. Idan an gama kada kowa ya tashi sai an yi hirar abin da aka gani.

Sai mako mai zuwa, Allah ya raya mana zuri'a.