SHARHI: Jinin da ake ɓoyewa a Auyo: abin da ke hana mata zuwa asibiti bayan shan maganin zubar da ciki

Duk shekara idan damina ta yi nisa, Kogin Haɗejiya kan cika ya batse, ya malala cikin gonaki da ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Auyo. A ambaliyar 2022 hanyoyi sun yanke, wasu garuruwan sai da kwalekwale ake shiga. Asarar shinkafa da gidaje ana ƙirga ta, ana kai rahoto Dutse. Wadda ba ta shiga lissafi ita ce matar da jini ya ɓalle mata cikin dare, tana tsoron faɗin dalili, ga ruwa tsakaninta da Babban Asibitin Haɗejiya.

Maganar ba ta da daɗin ji, amma alƙaluma sun tilasta a yi ta. Cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012 kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mata kusan 82,000 suka mutu a ƙasar a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya.

Jigawa na da nata shaidar. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta suka wallafa a 2023 ya duba mata 520 da aka kwantar a wani asibitin jihar bayan ɓari ko zubar da ciki. Kusan biyu cikin uku sun iso ne a halin da ke barazana ga rayuwa, kuma zubar jini ce kan gaba.

Maganin da ake magana a kai, misoprostol, ba haramtacce ba ne. NAFDAC ta yi masa rajista a 2006 domin tsayar da jini bayan haihuwa, kuma ana amfani da shi wajen fitar da ragowar ɓari. Sai dai yana sa mahaifa ta tsuke ta fitar da ciki, don haka wasu ke sayensa a kemis a ɓoye. Mai saye cikin kunya ba ta tsayawa tambaya, mai sayarwa cikin tsoro ba ya dogon bayani. Sai mace ta koma gida da ƙwaya a hannu, ba ta san inda jinin lafiya ya tsaya, na haɗari ya fara ba.

Ga abin da likitoci suka sani. Bayan shan maganin, jini da ciwon mara sun fi tsanani a sa'o'in farko, har da gudaji, sannan su lafa. Ɗigon jini na iya kaiwa mako biyu, wani lokaci ya zarce. Zazzaɓi da rawar sanyi a ranar farko ba abin mamaki ba ne. Amma idan mace tana jiƙe audugar mata manya biyu a kowace sa'a har sa'o'i biyu a jere, ko jiri na ɗibarta, ko zazzaɓi ya wuce kwana ɗaya, ko ruwa mai wari na fita, to asibiti kawai, ba jira. Haka idan jini bai zo ba amma ciwo ya tsananta a gefe ɗaya: mai yiwuwa cikin a wajen mahaifa ya zauna, kuma wannan magani ba ya taɓa shi.

Ko wannan ma'aunin yana da tasa matsalar. Mata da yawa a karkara tsumma suke amfani da shi, ba auduga ba. Ga kuma tunanin da ya zauna cewa jinin da ke fita datti ne, gara ya fita. Matar da dama can ƙarancin jini ke damunta, jinin da wata za ta jure ita yana iya kayar da ita.

Babban shingen dai tsoro ne. Sashe na 232 na dokar Penal Code ya tanadi ɗaurin da ka iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai in don ceton ran uwa. Abin da ba a faɗa wa jama'a shi ne babu dokar da ta hana kula da macen da ke zubar da jini. Wankin ciki, ƙarin jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta haƙƙinta ne, ko ɓari ta yi ko ƙwaya ta sha. Sau da yawa ma ma'aikacin lafiya ba ya iya bambanta su biyun. Tsoron tonon asiri na shafar har matar auren da ɓari ya same ta, wadda ba ta da abin ɓoyewa.

Jigawa ba ta rasa tubalin gini ba. Tana da shirin kula da masu juna biyu kyauta, tana da shirin Haihuwa Lafiya mai kai mata asibiti daga ƙauyuka, ga MSF a Jahun tun 2008. Abin tambaya ga Ma'aikatar Lafiya da 'yan majalisar yankin shi ne: shin motar gaggawa na ɗaukar mai ɓari kamar yadda take ɗaukar mai naƙuda? Asibitocin matakin farko nawa ne a Auyo ke da ma'aikaciyar da ta iya wankin ciki? Leda nawa ta jini ake ajiyewa a Haɗejiya kafin ruwa ya yanke hanya?

Muhawara kan halasci da haramci za ta ci gaba a masallatai da majalisu. Amma macen da jini ke zuba daga jikinta ba ta da lokacin jiran a kammala ta. Gwamnati na iya faɗa a rediyo, da Hausa ƙarara, kafin damina mai zuwa: duk wadda jini ya ɓalle wa ta zo asibiti, za a duba ta, ba za a tuhume ta ba.